KULOB ƊIN NAN NA WAYE? Maganata a kan ƙwallon Jamus bayan an rufe kaka

Rubutun nan yana da tsawo, na faɗa tun da wuri, wanda yake sauri ya ajiye shi sai ya samu natsuwa.

An rufe kakar 2024/25 a Jamus. Bayern Munich ta sake ɗaukar Bundesliga da maki 82, ta ba Leverkusen tazarar maki 13, Harry Kane kuma ya ɗaga babban kofinsa na farko bayan shekara da shekaru yana cin ƙwallaye babu abin nunawa. Tun ranar 'yan Firimiya suka sa mu a gaba da tsokana: lig ɗin kulob ɗaya, gasar manoma, a daina wahalar da mutane a kai wa Bayern kofinta gida tun watan Agusta. Ni dai ban ga laifinsu ba. Kofi 12 cikin kaka 13 ya fi ƙarfin a kare shi da surutu.

Amma abin da ya riƙe ni a ƙwallon Jamus ba a saman tebur yake ba. Wata tambaya ce da ba mu cika yin ta a gidan kallo ba, duk da muna kwana muna musu a kan 'yan wasa da kociyoyi. Kulob ɗin nan da kake ɓatawa da abokinka saboda shi, na waye? Idan gobe aka tashi sayar da shi, ko canza masa suna, ko mayar da wasansa lokacin da ba za ka iya zuwa ba, wa yake da bakin cewa a'a? Jamusawa sun daɗe da ba da tasu amsar, kuma amsar tana da daɗi tana da ɗaci. Zan kawo duka biyun.

A Jamus kulob asalinsa ƙungiya ce ta mambobi, irin yadda muka san ƙungiyar 'yan kasuwa ko ta cigaban unguwa. Ka yi rajista, ka biya kuɗin shekara, a ba ka kati, ranar babban taro ka zo ka jefa ƙuri'a a zaɓi shugabanni. Da ƙwallo ta koma harkar manyan kuɗi, a 1998 hukumar ƙwallon ƙasar ta yarda kulob ya ware sashen 'yan wasansa na ƙwararru ya mayar da shi kamfani, ya sayar da hannun jari. Sai dai ta gindaya sharaɗi guda: dole uwar ƙungiya, wato mambobi, su riƙe rabin ƙuri'un kamfanin da ƙarin ƙuri'a ɗaya. Ita ce dokar da kuke ji ana kira 50+1. Attajiri zai iya zuba kuɗinsa, zai iya cin ribarsa, amma ba zai rinjayi mambobi a ƙuri'a ba. Ita kanta Bayern ɗin da ake gani kamar gwamnati, kashi 75 cikin 100 na kamfaninta yana hannun mambobinta da suka haura 300,000. Sauran kashi 25 ɗin ne Adidas da Audi da Allianz suka raba daidai a tsakaninsu.

Na san wani zai ce ai wannan a takarda ne kawai, talaka ko a ina ɗan kallo ne. To saurari abin da ya faru a kakar 2023/24.

A watan Disambar 2023, DFL, wato hukumar da ke tafiyar da rukuni na ɗaya da na biyu, ta tara kulob 36 da ke ƙarƙashinta. Buƙatarta ita ce a yarda ta sayar wa wani kamfanin zuba jari na waje har kashi 8 cikin 100 na kuɗin haska wasanni, na tsawon shekara 20, a karɓi kusan Yuro biliyan ɗaya a hannu. Ana buƙatar kashi biyu bisa uku, wato ƙuri'a 24. Aka yi ƙuri'ar a asirce, aka samu 24 cif, babu ƙari ko ɗaya. Sai magana ta taso a kan Hannover 96. Uwar ƙungiyar ta umarci wakilinta Martin Kind ya ƙi amincewa, shi kuma ya ƙi faɗin abin da ya zaɓa. Magoya baya suka ce idan da ƙuri'arsa aka cika 24 ɗin, to an taka 50+1 ke nan a ɓoye.

Ba su ƙona komai ba, ba su daki kowa ba. Ƙwallayen tenis suka riƙa shiga da su filin wasa cikin aljihu. Ana cikin wasa sai ka ga an fara ruwan ƙwallaye daga bayan raga, alƙalin wasa ya tsayar, ma'aikata su tsince, a ci gaba, a sake. Wasu cakulan suka riƙa jefawa, wanda aka naɗe da takarda mai ruwan zinare kamar sulalla, don nuna wa shugabanni kwaɗayinsu. Wasu suka saki ƙananan motocin wasan yara masu rimot a tsakiyar fili. Akwai wasan da ya tsaya kusan rabin awa. Mako bayan mako, rukuni na ɗaya da na biyu, har magoya bayan da ba sa ga maciji da juna suka haɗa kai. Kamfanin Blackstone ya janye, aka bar CVC shi kaɗai. Ranar 21 ga Fabrairun 2024 DFL ta sanar cewa ta fasa cinikin gaba ɗaya.

Biliyan ɗaya fa na ce, na Yuro, kuma masu tikitin tsaye ne suka mayar da shi. Hujjarsu ita ce wadda kakanninmu suka faɗa: kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya sayi wani ɓangare na kuɗin talabijin na shekara 20, gobe shi zai so a raba wasanni zuwa lokutan da suka dace da masu kallo a wata nahiya, ko da mutumin garin ba zai iya zuwa ba. Kuma sun taɓa gani. A 2017 an shigo da wasannin daren Litinin a Bundesliga, magoya baya suka ce ma'aikacin da zai tashi aiki da safe ba zai bi kulob ɗinsa tafiyar ɗaruruwan kilomita a daren Litinin ba. Suka yi ta bore har aka soke su daga 2021. A watan Afrilun 2021 kuma, da manyan kulob 12 na Ingila da Sifaniya da Italiya suka tashi kafa Super League, babu kulob ɗin Jamus ko ɗaya a ciki. Shugabannin Bayern da Dortmund suna son kuɗi kamar kowa. Sun dai san akwai babban taro a gaba, kuma a can za su tsaya gaban mutanen da ke iya sauke su.

Ita Bayern ɗin ma ta ɗanɗana. A taronta na Nuwamban 2021 mambobi sun tayar da jijiyar wuya a kan yarjejeniyar talla da Qatar Airways, taron ya watse cikin ihu da hayaniya. Da wa'adin yarjejeniyar ya cika a 2023 ba a sabunta ta ba. Ko ka yarda da hujjar mambobin ko ba ka yarda ba, abin lura shi ne an ji muryarsu.

Wannan ikon shi ke sa farashin tikiti yake ƙasa. Har yau ana kallon wasa a tsaye a filayen Jamus. A Dortmund, filin yana cin mutum 81,365, kuma kusan 25,000 daga ciki a tsaye suke a ɓangare guda, wancan bango mai ruwan ɗorawa da kuke gani a talabijin. A Bayern tikitin tsaye na kaka sukutum bai kai Yuro 200 ba. A garuruwa da yawa tikitin wasa shi ne kuɗin motarka da jirgin ƙasa na cikin gari a ranar. Shi ya sa ɗalibi da direba da ma'aikacin masana'anta ba su bar filin ba.

Idan ana maganar mallaka ta gaskiya, ni Union Berlin nake fara tunawa, kulob ɗin da Taiwo Awoniyi ya ci wa ƙwallo 15 a lig a kakar 2021/22 kafin ya tafi Nottingham Forest. Ƙaramin kulob ne daga unguwar Köpenick a tsohuwar Berlin ta Gabas. A 2004 talauci ya kusa hana su lasisi, sai magoya baya suka riƙa zuwa ba da jini, ɗan kuɗin da ake ba mai ba da jini su miƙa wa kulob. A 2008 zuwa 2009 filinsu ya lalace, babu kuɗin ɗan kwangila, mutum sama da 2,000 suka fito da kansu suka yi aikin sa'o'i kusan 140,000: kwaɓa siminti, ɗaukar ƙarfe, fenti. Aikin gayya dai irin wanda muka sani. A 2019 suka hau Bundesliga karo na farko, a 2023 suka ƙare na huɗu suka shiga gasar Zakarun Turai har suka kara da Real Madrid. Mutumin da ya zuba simintin matattakalar da yake tsaye a kai, ka ce masa kulob ɗin nan ba nasa ba ne?

St. Pauli ta birnin Hamburg ma ta bi wata hanyar a kakar 2024/25. Maimakon neman attajiri, sai ta kafa ƙungiyar gama kai, kowane mai goyon baya ya sayi rabo, kowa ƙuri'a ɗaya ko da ya sayi rabo ɗari. Sun tara sama da Yuro miliyan 25 don filin wasansu ya koma hannunsu.

Yanzu mu tsallaka iyaka mu ga yadda abin yake inda attajiri ya samu hannu sosai. Ostiriya maƙwabciyar Jamus ce, harshensu ɗaya. A 2005 kamfanin Red Bull ya karɓi Austria Salzburg, kulob ɗin da aka kafa tun 1933, wanda ya ci lig sau uku a shekarun 1990 ya kuma kai wasan ƙarshe na kofin UEFA a 1994. Kamfanin ya canza suna, ya canza tambari, ya cire launin shunayya da fari da aka san su da shi ya sa ja da fari. Magoya baya suka roƙi a bar musu ko da launin, ba a yi ba. Sai wani ɓangare nasu suka fice suka sake kafa Austria Salzburg da tsohon suna da tsohon launi, suka fara daga rukuni na can ƙasa, suna buga wasa a ƙauyuka. Sun taɓa hawowa rukuni na biyu a 2015, bashi ya sake mayar da su. A Satumban 2023 ƙuri'ar kofin ƙasa ta haɗa su da Red Bull Salzburg, aka ci su 4-0, amma duk wanda ya kalli wasan ya san a wane ɓangare zuciyar tsohon kulob take.

A faɗi gaskiya, Red Bull ta iya aiki. Daga Salzburg Sadio Mané ya fito, da Naby Keïta, da Patson Daka, da Erling Haaland. Yaran Afirka da yawa sun samu hanyar Turai ta nan. Amma me ya faru da lig ɗin? Salzburg ta ɗauke shi sau 10 a jere daga 2014 zuwa 2023, sai Sturm Graz ta zo ta karɓe a 2024, ta kuma maimaita a 2025. Ku riƙe wannan lissafin, zan dawo kansa.

A Suwizalan kuma ga Grasshopper ta birnin Zurich, wadda ta fi kowa kofin lig a ƙasar, guda 27. Rabonta da shi tun 2003. Ta faɗi rukuni na biyu a 2019, a 2020 masu kuɗi daga Sin da ke da alaƙa da masu Wolverhampton suka saye ta, a farkon 2024 suka sayar wa masu Los Angeles FC ta Amurka. Cikin shekara huɗu kulob mafi tarihi a ƙasa ya canza hannu sau biyu kamar motar haya, mutanen Zurich suna kallo.

Ko a cikin Jamus ɗin, Red Bull ta samo ƙofar baya. A 2009 ta sayi gurbin wani ƙaramin kulob na rukuni na biyar, SSV Markranstädt, ta kafa RB Leipzig. Doka ta hana sa sunan kamfani, sai suka ce RB ɗin yana nufin RasenBallsport, wato wasan ƙwallo a kan ciyawa. Doka ta ce mambobi ne masu rinjaye, sai suka taƙaita mambobi masu ƙuri'a zuwa ashirin da 'yan kai, akasarinsu mutanen kamfani. A takarda sun cika 50+1, a zahiri kowa ya san mai gida. Sun hau Bundesliga a 2016, sun ci kofin ƙasa a 2022 da 2023, amma har yau su ne kulob ɗin da aka fi tsana a filayen Jamus. Shi ya sa da Jürgen Klopp ya karɓi muƙamin shugaban harkar ƙwallo na Red Bull a farkon 2025, mutanen Mainz da Dortmund da suka ɗauke shi kamar ɗan uwa suka ji abin har zuci.

To, wannan shi ne ɓangaren daɗi. Ga na ɗacin, don kada a ce na zo tallar Jamus.

Na farko, mallakar mambobi ba ta hana a lalata kulob. Ku dubi Schalke 04 ta garin Gelsenkirchen, garin masu haƙar kwal. Har yau ƙungiyar mambobi ce tsantsa, ba ta ma ware kamfani ba, mambobinta sun haura 150,000. Ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Zakarun Turai a 2011, ta ƙare ta biyu a lig a 2018. Amma shugabannin da mambobi suka ɗora sun riƙa kashe kuɗin gasar Turai tun kafin a samu gurbin shiga, bashi ya haura Yuro miliyan 200. Da korona ta rufe filaye sai asiri ya tonu. Suka yi wasa 30 a jere a lig babu nasara, suka faɗi a 2021, suka hawo, suka sake faɗi a 2023. A kakar 2024/25 na 14 suka ƙare a rukuni na biyu. Babu wani attajirin waje da za a ɗora wa wannan, da hannunsu suka yi.

Hamburg ma haka. Tana cikin waɗanda suka kafa Bundesliga a 1963, ta ci kofin Turai a 1983 a kan Juventus, har agogo ta kafa a filinta yana ƙirga shekarun da ta yi ba ta taɓa faɗuwa ba. A 2014 mambobi da kansu suka zaɓi a ware kamfani a shigo da masu kuɗi, aka yi ta canza koci kamar riga, a 2018 ta faɗi bayan sama da shekara 54. Shekara bakwai ta yi a rukuni na biyu. A ranar ƙarshe ta 2023 magoya bayanta har sun cika fili a Sandhausen suna murnar hawa, sai labari ya zo cewa Heidenheim ta ci ƙwallo biyu a ƙarin lokaci a wani garin, ta ƙwace gurbin. Sai a watan Mayun 2025 ne ta dawo, da ta lallasa Ulm 6-1.

Amma ku lura da abu ɗaya a duka biyun. A kakar 2024/25 Schalke tana rukuni na biyu tana tara mutum sama da 60,000 a wasan gida. Hamburg ta yi shekara bakwai a ƙasa filinta mai cin 57,000 yana kusan cika. Kulob da yawa a manyan lig na Turai ba sa ganin rabin haka. Kayan da mutum ya san nasa ne, ko ya lalace ba ya barinsa a titi.

Na biyu, kuma wannan ya fi min nauyi: kulob ɗin da ya karya Bayern ba na mambobi ba ne. Dukanmu mun yi murna da Leverkusen a 2023/24. Xabi Alonso ya karɓe ta a Oktoban 2022 tana ta biyun ƙarshe, ya mayar da ita zakara ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba: nasara 28, canjaras 6, maki 90. Ranar 14 ga Afrilun 2024 da suka tabbatar da kofin a kan Werder Bremen da ci 5-0, ɗanmu Victor Boniface ne ya buɗe da fenariti. Sai da suka yi wasa 51 a duk gasa kafin wani ɗanmu, Ademola Lookman, ya zura musu uku shi kaɗai a wasan ƙarshe na Europa. Labari mai daɗi. Amma Leverkusen ta kamfanin magunguna na Bayer ce, ma'aikatansa ne suka kafa ta a 1904, kuma an keɓe ta daga 50+1, kamar yadda aka keɓe Wolfsburg ta Volkswagen, saboda kamfanonin sun yi sama da shekara 20 suna ɗauke da su. Masu sukar dokar suna cewa: ka gani ko? Sai mai uban gida ne ya iya tunkarar Bayern.

Hujjar tasu tana da ƙarfi. Bayern tana shiga Zakarun Turai kowace shekara, kuɗin yana taruwa, ta ɗauki kuɗin ta saye gwanayen abokan hamayyarta. Neuer daga Schalke a 2011, Götze daga Dortmund a 2013, Lewandowski a 2014 kuma kyauta, Hummels a 2016, Upamecano da koci Nagelsmann daga Leipzig a 2021. A Ingila irin wannan tazara attajiri ne ke zuwa ya rufe ta da dare ɗaya, kamar Abramovich a Chelsea a 2003 ko mutanen Abu Dhabi a Man City a 2008. A Jamus doka ta rufe wannan ƙofa, don babu mai zuba biliyoyinsa inda ba shi ke da ta cewa ba. Don haka gaskiya ne, 50+1 tana cikin abubuwan da suka kare kujerar Bayern.

Duk da haka ni ina tare da masu ƙwallon tenis, kuma ga dalilina. Na ce ku riƙe lissafin Salzburg. Can attajiri ya shigo, sakamakon kofi 10 a jere. A Faransa kuɗin Qatar ya shiga PSG a 2011, tun daga nan lig ɗin ya zama kusan nata. A Firimiyar da ake mana gori da ita, Man City ta ci shida cikin bakwai daga 2018 zuwa 2024, huɗu a jere. Kuɗin attajiri bai taɓa warkar da babakere ba, sunan mai babakeren kawai yake canzawa. Idan haka ne, me za ka samu in ka sayar da ƙuri'arka? 'Yan Man United da ke cikinmu su ba da shaida. Tun 2005 iyalan Glazer suka sayi kulob ɗin da bashi suka ɗora bashin a kansa, shekara 20 ke nan ana zanga-zanga, babu taron da za a je a sauke su. An taɓa ɗauke Wimbledon ɗungurungum daga Landan aka kai ta wani gari. Mai Cardiff ya wayi gari a 2012 ya mayar da rigarsu daga shuɗi zuwa ja. Ɗan Schalke ya sha wahala, amma yana da ranar da zai je ya kalli shugabansa ido da ido ya jefa ƙuri'a. Ɗan United sai dai ya yi rubutu a Facebook kamar ni.

Kuma lig ɗin da ake ce wa na kulob ɗaya bai rasa abin mamaki ba. Kaiserslautern ta hawo daga rukuni na biyu ta ɗauki kofi kai tsaye a 1998. A 2023 Dortmund tana buƙatar nasara a gida kawai ta yi 2-2 da Mainz, Musiala ya ci a minti na 89 a Cologne, kofi ya juya a kan bambancin ƙwallaye. Heidenheim, gari mai mutum kusan 50,000, koci ɗaya Frank Schmidt yake riƙe da ita tun 2007, ya taso da ita daga ƙananan rukunai har gasar Turai. Freiburg da Mainz, waɗanda ba su da wani uban gida, sun ƙare a ta biyar da ta shida a kakar 2024/25, sama da Leipzig mai kuɗin kamfani da ta rasa gurbin Turai gaba ɗaya. Mu kuma 'yan Afirka ba baƙi ba ne a can. Iyayenmu sun kalli Anthony Yeboah yana zama sarkin raga a 1993 da 1994, sun kalli Jay-Jay Okocha yana wasa da hankalin Oliver Kahn a rigar Frankfurt a 1993.

Abin da ya sa na damu da wannan magana har na yi dogon rubutu shi ne, duk lokacin da na ga Jamusawa suna faɗa a kan ƙuri'arsu sai in tuna namu. Yawancin kulob ɗinmu na gwamnatocin jihohi ne: Kano Pillars, Katsina United, El-Kanemi Warriors, Wikki Tourists da sauransu. Gwamnati ke naɗa shugabanni, ita ke sauke su, idan mulki ya canza kulob ya canza. A wajen son ƙwallo babu wanda zai nuna wa Masu Gida komai, duk wanda ya taɓa shiga filin Sani Abacha ranar babban wasa ya san haka. Pillars ta ci lig a 2008, 2012, 2013 da 2014, ta faɗi a 2022, ta dawo a 2023, kuma a duk wannan hawa da sauka mai goyon baya yana nan. Amma a wane taro aka taɓa tambayarsa ra'ayi? Ba ina cewa a kwafo dokar Jamus a liƙa mana ba, aljihunmu da nasu ba ɗaya ba. Sai dai rajistar mambobi, da ɗan kuɗin shekara daidai ƙarfin talaka, da taro sau ɗaya a shekara inda za a karanta lissafin kuɗi a bainar jama'a, da kujera ko biyu a hukumar kulob da magoya baya za su zaɓa da kansu, wannan bai fi ƙarfinmu ba. Ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu suna yin fiye da haka.

Ita ma dokar ta Jamus ba ta tsira ba tukuna. Hukumar hana babakere ta ƙasar ta yi shekaru tana dubanta, musamman keɓewar da aka yi wa Leverkusen da Wolfsburg. Hoffenheim da ita ma aka taɓa keɓewa, attajirinta Dietmar Hopp ya mayar wa mambobi rinjayen ƙuri'a a 2023. Masu kuɗi kuma ba su haƙura ba, za su dawo da wani tayin da wani sunan.

Wanda ya gaji da kallon Bayern ya nemi wasan Hamburg da St. Pauli. Gari ɗaya suke, kuma har zuwa ƙarshen kakar 2024/25 rabon da su haɗu a Bundesliga tun kakar 2010/11. Ka kalli fili, ka kuma kalli bayan raga, ka karanta yadda mutane ke tsaye.

Ina jiran ra'ayinku, musamman 'yan United da 'yan Chelsea da 'yan City. A ba ka zaɓi biyu: kofi duk shekara amma mai kulob yana iya canza masa suna gobe ba tare da ya tambaye ka ba, ko kuwa shekara goma babu kofi amma da katinka da ƙuri'arka. Wanne za ka ɗauka? A yi musu cikin mutunci don Allah, ban da zagi.

Allah ya sa mu dace.